Shekarar da Na Je Gidan Uwar Kafili

Ranar Sallar layya da ta wuce, ina kicin ina soya hanta, na ji babbanku Abba yana ba matarsa labari a falo. Bai san ƙofa a buɗe take ba. Cewa ya yi, da Umma ba ta yi garaje ba, da Baba ya ƙare aikinsa a mina cikin mutunci, da ba mu tashi a ɗakin mai gadi ba. Matar ta ce Allah sarki. Ban fito ba, don hantar za ta ƙone, kuma na san idan na fito da ludayi a hannu, abin da zan faɗa ba na ranar Salla ba ne. Amma tun ranar nake tauna maganar. Shekara da shekaru kuna ba juna labarin nan, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, babu ɗayanku da ya taɓa zama ya ce, Umma, wai yaya aka yi? Babanku ya rasu, Allah ya jiƙansa, ba zai gyara muku ba. Ko yana raye ma ba zai gyara ba, don shi mutum ne da zai zuba wa kuskure ido shekara goma yana jira ya gyaru da kansa. To ni zan faɗa, ku kuma ku yi mini shiru har in gama.

A lokacin muna unguwar Ammariyya a ƙasar Larabawa, muna da ɗaki uku a hawa na biyu na wani tsohon bene, wanda matattakalarsa ke warin kifi da turaren wuta a lokaci guda. Daga Gadarif ta Sudan muka zo, ni da Malam Idrisu babanku, muna da ƙuruciyarmu. Shi yana tuƙa motar ɗaga kaya a siton wani ɗan kasuwa a mina, wato tashar jiragen ruwa. Abu Faisal ake kiran ɗan kasuwar, kuma shi ne kafilinmu: sunansa ne a kan iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ba mu da ikon motsi a takarda sai da sa hannunsa. Abba da Anwar a asibiti na haife su, takardunsu suka fito lafiya. Sakina ce ta ƙi jira. Naƙuda ta zo mini da hantsi, Malam yana wurin aiki, kafin a samo mota har ta faɗo a kan tabarma a hannun wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Haihuwar gida kuwa tana da dogon zance. Sai an kawo shaidu, sai kafili ya rubuta wasiƙa ya sa hannu, sannan a ba da takardar haihuwa, sannan a saka yarinya a iƙamar ubanta. Shaidu muna da su har sun yi yawa. Wasiƙar nan guda ɗaya, wadda ba ta fi layi biyar ba, ita muka zauna jira har Sakina ta shekara takwas.

Ku lura, ban ce Abu Faisal mugu ba ne. Lokacin da akwatin kaya ya danne ƙafar babanku, shi ya kai shi asibiti da motarsa, ya kuma bar masa aikinsa har ya warke. Mutum ne dai mai harkoki da yawa, wanda abin da ba a tsaya masa a gaba ba, ba ya ganinsa. Shi kuwa Malam, a ganinsa, tambayar babba abu sau biyu rashin kunya ne. Ya faɗa masa sau ɗaya Sakina tana jaririya, aka ce masa bukura, wato gobe, shi ke nan ya naɗe goben nan ya sa a aljihu yana yawo da ita. Duk wata sai na tayar da maganar, duk wata amsar iri ɗaya.

"Malam, ka tuna masa kuwa?"

"Mun gaisa yau. Har ya tambayi yara."

"Ka ce masa ɗaya daga cikin yaran ba ta da takarda?"

"Hauwa, ai ya sani. Mutumin da ya sani, me za ka gaya masa?"

Wallahi akwai ranar da na tsaya ina kallonsa yana shan shayi, a nutse, yana hura kofin, na ji kamar in kwashe tiren in watsa ta taga. Ban watsa ba. Kofunan na aure ne.

A hawanmu, ƙofa da ƙofa, akwai wata 'yar Pakistan mai ɗinki, Parwin. Kowa Baji yake ce mata, wato yaya a yarensu, har waɗanda suka girme ta. Gajera ce mai ƙiba, allura kullum a soke a gaban rigarta, murya kamar ta mai tallan kifi. Ba ta jin Hausa, ba na jin Urdu, da karyayyen Larabci muke fahimtar juna, rabin zancen da hannu. Ni ina yi wa amare lalle, ita tana ɗinka musu kaya, don haka sau da yawa mukan tura wa juna mutane. Tana da wata magana ta yarensu da ba ta rabuwa da bakinta, 'yar gajera, mai amo kamar waƙa. Na ji ta har na haddace, amma ba zan sa ta a nan ba, don duk lokacin da na gwada faɗi sai Baji ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce na mai da ita zancen tuwo. Ranar da na tambaye ta ma'anar, ta ajiye almakashi ta yi mini bayani dalla-dalla. Wai idan kai ne ka matsu da abu, kai za ka sa takalmi ka fita nemansa, kada ka zauna kana kasa kunne ko za a ƙwanƙwasa maka ƙofa. Da ita take korar mijinta Aslam idan na'urar sanyaya ɗaki ta lalace ya ce yana jiran mai gida. Da ita take tashin ɗanta daga barci ya je neman aiki. Har matan da suka kawo ɗinki suka ƙi zuwa gwaji, idan suka yi ƙorafin riga ta matse, da ita take rufe musu baki. Ni kuwa tun da ta san zancen Sakina, ta mai da ni abin karanta wa maganar nan safe da yamma. In na fito shanya ta faɗa. In na je aron albasa ta faɗa kafin ta miƙo. Har na fara leƙawa in ga ko ƙofarta a rufe take kafin in fita.

"Baji, ni mace ce," na ce mata wata rana da na gaji. "Ina zan je? Mina ba a shiga sai da katin shiga. Na ce Malam ya kai ni ofishin, ya ce in kashe shi ya fi masa sauƙi."

"Ke kika sani," in ji ta, tana cizon zare. "Ni dai na faɗa miki abin da ake cewa a garinmu."

Abin da ya tashe ni ba maganar Baji ba ce ita kaɗai, kada ku ba ta ladan da ya fi nata. Sakina ce. Yarinyar nan kullum da safe tana tsaye a bakin taga tana kallon 'yan mata sa'anninta suna wucewa makaranta cikin dogayen rigunansu. Idan 'yan'uwanta suka dawo, sai ta kwashi littattafansu ta shige bayan ƙofa tana kwafe haruffa a bayan kwalin madara. Wata Laraba na shiga wanka, na fito ban gan ta ba. Na duba ɗakuna, na hau soro, na sauka titi ba takalmi. Baji ta bar keken ɗinkinta ta bi layi tana kiran sunanta da irin lafazinsu. Kusan awa biyu ina tsakanin mutuwa da rayuwa, don yarinyar da ba ta da takarda, idan ta ɓata, ko wurin hukuma ba ka san da wane suna za ka neme ta ba. Can sai ga matar mai gadin makarantar 'yan mata ta unguwarmu riƙe da hannunta. Ashe tsohuwar jakar Anwar ta rataya, ta zuba kwalayenta a ciki, ta bi ayarin yara, ta shiga layi ta tsaya kamar kowa. Har aji ta zauna. Sai da malama ta kira sunaye ta ga saura mutum ɗaya.

Ban doke ta ba. Na durƙusa na ce mata don me ta yi mini haka.

"Umma, malamar ta ce ba sunana a takarda," ta ce. "Na ce mata ta rubuta, ai na iya faɗin haruffansa."

Da Malam ya dawo da la'asar na ba shi labari. Ya jawo Sakina jikinsa ya shafa kanta, har idonsa ya kawo ruwa. Na ce a raina alhamdu lillahi, yau dutse ya motsa. Sai ya buɗe baki ya ce:

"In sha Allahu bayan Ramadan, idan aiki ya lafa, zan san yadda zan ɗan gwada masa."

Ramadan ɗin saura wata biyar.

Na san gidan mahaifiyar Abu Faisal, don ni na yi wa ƙanwarsa lallen aure, kwana biyu ina gidan. Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa da kaifin harshe, kowa Sitti yake ce mata, kuma na lura duk 'ya'yanta, har masu furfura, idan ta yi tari sai sun gyara zama. Ranar Asabar, bayan Malam ya fita da yara maza, na yi wa Sakina kitso, na sa mata rigar Salla, na zura abayata, na ƙunsa turaren wuta irin namu na Sudan wanda Sitti ta yaba a lokacin biki. Da na buɗe ƙofa na tarar da Baji a tsaye da tsintsiya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi yarinyar, ba ta tambayi inda za ni ba. Ta ɗaga tsintsiyar sama kamar mai rakiyar mayaƙa, ta rangaɗa maganarta da ƙarfi har ta amsa a matattakala.

"Yalla, yalla!" ta ƙara da cewa, wato maza-maza. "Allah yana tare da ke."

Ku riƙe wannan, don za ku ji abin da ta ce daga baya.

Ga kuskurena, kuma shi kaɗai na yarda na yi. Da aka shigar da ni falon Sitti, na tarar ba ita kaɗai ba ce. Akwai mata huɗu ko biyar suna shan gahawa, cikinsu har da matar Abu Faisal da wata surukarsu. Mai hankali a wannan lokacin sai ta gaisa, ta miƙa turarenta, ta ce wucewa take yi, ta dawo wata rana. Na yi niyyar haka. Amma Sitti ta gane ni, ta yi murna, ta jawo Sakina kusa da ita ta ba ta dabino, ta tambaye ta aji nawa take. Yarinya kuwa ba ta san ɓoye-ɓoye ba. Ta ce ba ta makaranta, ta je sau ɗaya an mai da ita gida, don ba ta da takarda. Sitti ta ɗago kai ta dube ni. Shekara takwas maganar na cikina tana tafasa, da aka ɗaga murfi ban iya mayarwa ba. Na faɗi komai, da haihuwar gida, da shaidu, da wasiƙa, da bukura. Ban zagi kowa ba, ban ɗaga murya ba, amma na faɗa a gaban mutanen da bai kamata su ji ba. Matar Abu Faisal ta sunkuyar da kai tana juya kofi a hannu.

Sitti ta sa aka miƙo mata wayar gida. Ba ta yi masa bayani ba, cewa kawai ta yi ya zo yanzu. Na ce zan tafi, ta ce in zauna. Kafin azahar sai ga shi ya shigo yana haki, a zatonsa jikinta ne ya tashi. Matan suka ja mayafi, amma babu wadda ta fita. A gabansu ta wanke shi tas. Larabcin ya yi mini sauri, ban kama duka ba, amma na ji ta ce ubansa bai taɓa barin ɗan ma'aikacinsa a wulaƙance ba, na ji ta ce ya dubi yarinyar nan da kyau don za a tambaye shi ita ranar Lahira. Mutum mai shekara hamsin, mai ma'aikata da manyan motoci, yana tsaye hannu a baya yana cewa to, Ummi, na ji, Ummi. Wallahi a lokacin na so ƙasa ta tsage in shige. Da ta gama, ya juyo gare ni, ba tare da ya kalli fuskata ba.

"Idris ne ya aiko ki?"

"A'a."

"Ya san kin zo?"

"Bai sani ba."

"Tayyib," ya ce, wato to, ya yi kyau. Ya fita.

Wasiƙar da muka jira shekara takwas, washegari aka rubuta ta. Ya haɗa babanku da mutumin da ke bi masa takardu, cikin sati uku aka gama komai, sunan Sakina ya shiga iƙama. Malam ya dawo da takardar yana murmushi har kunne, ya ajiye mini a cinya, ya ce, "Kin gani? Na ce miki mutumin nan bai manta ba." Na buɗe baki in gaya masa gaskiya, na ga farin cikin da ke fuskarsa, na rufe. Wannan ma kuna iya sa shi a cikin laifina idan kun ga dama. Kwana biyu bayan haka ya dawo gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye hular aikinsa a kan firji, ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Abu Faisal ya kira shi ofis, ya ce masa ya cika umarnin mahaifiyarsa, shi ke nan, amma ba zai riƙe mutumin da matarsa ke kai ƙararsa gidan uwarsa ba. Ya ba shi wata uku ya nemi wani kafilin, ya ce zai sa hannu a sake shi ba tare da wata fitina ba.

"Da gaske ne kin je?" Malam ya tambaye ni.

"Na je."

"Ba ki gaya mini ba."

"Da na gaya maka za ka bar ni?"

Daga wannan rana bai sake yi mini magana kai tsaye ba har wata huɗu. Da faɗa ya yi, da na ji daɗi, don ina da amsoshi a jere tun shekara takwas. Amma ina. Zai ci abincina, ya yi salla, ya yi wasa da ku, in yana son abu sai ya ce, Anwar, gaya wa ummanku a ɗumama shayi, alhali ina zaune kusa da shi har gwiwarmu tana gogar juna. Mutumin da ya kasa yi wa kafili magana sau biyu, ashe ya iya yin shiru da gangan kamar sana'a.

Na tsallaka wurin Baji ina kuka, ina neman wanda zai ce mini na yi daidai. Na tarar da mijinta Aslam yana cin abinci, ta riga ta ba shi labari. Shi mutum ne mai sanyi, mai gyaran wuta, Larabcinsa ya fi nata. Ya wanke hannu, ya ce in yi haƙuri zai faɗi wani abu. Wai a garinsu, maganar nan ana faɗa wa mai girman kai ne, wanda yake da buƙata amma yake ganin ya fi ƙarfin ya je ya roƙa. Ana nufin ya sauke kai, ya je wurin mai abin, shi da kansa, ya nema cikin ladabi. Wurin mai abin ake zuwa, in ji shi, ba a kewayawa ta bayan gida. Na juya na dubi Baji, ina jira ta kare ni. Sai ta gyara mayafi ta ce:

"Ai ni ban ce ki je wurin uwarsa ba."

"Baji! Ba ke kika ɗaga tsintsiya kika ce yalla ba?"

"Na ɗauka kasuwa za ki."

"Da rigar Salla? Da turare a hannu?"

"To ni na san al'adarku?"

Shekara biyu matar nan tana buga mini magana a ka kamar ƙusa, ba ta taɓa cewa tana da sharaɗi ba, sai da na je na dawo aka karanta mini shi. Na yi sati ban gaishe ta ba. Ita ce ta fara shigowa, da tiren shinkafarsu mai yaji da wata doguwar riga ta makaranta da ta ɗinka wa Sakina ba tare da ta auna ta ba, kuma ta zauna mata cif. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Kuma in faɗi gaskiya, mijinta Aslam ne ya samo wa babanku sabon kafili, wani mai bene a unguwar Aziziyya da yake yi wa gyaran wuta, wanda ke neman mai gadi.

Abin da ya biyo baya kun san shi, don a cikinsa kuka girma. Muka bar ɗaki uku muka koma ɗaki biyu a ƙarƙashin matattakala, kusa da injin ruwa da ke ruri duk yini. Babanku, wanda ke ɗaga akwatin da ya fi ɗakinmu girma ya ajiye shi a kan layi ba kuskuren taku ɗaya, ya koma wanke motocin mutanen bene bayan sallar asuba, da fitar da shara, da ɗaukar tukunyar gas zuwa hawa na huɗu. Hannuwansa suka tsattsage saboda sabulu. Yana son mina, wannan ban taɓa musu ba. Yana son ƙarar jirage da abokan aikinsa, da yadda ake kiransa idan kaya ya gagari kowa. Wani lokaci idan babbar mota ta wuce da akwatin kaya a titin gabanmu, sai in ga ya tsaya da tsumma a hannu yana bin ta da kallo har ta sha kwana. Ina ganin haka sai in koma ciki, don ba na so ya san na gani. Ni na jawo masa wannan, ban taɓa ce wa kaina ba ni ba ce. Amma ku ma ku dubi 'yar'uwarku. Sakinar da ke duba marasa lafiya yau, wadda in ɗanku ya yi zazzaɓi ita kuke fara kira, da na zauna jiran bayan Ramadan, da wane Ramadan ɗin za a yi? Na auna abin nan ya fi sau dubu, a kan tabarmar salla da wajen wanke-wanke. Kullum amsar da nake samu ita ce, da za a mai da ni ranar, zan sake sa abayata in je. Sai dai in na tarar da baƙi, zan miƙa turare in dawo gobe.

Da lokacin buɗe makarantu ya zo, muna Aziziyya, Malam har yanzu ta bakin Anwar yake yi mini magana. Na shirya tun asuba zan kai Sakina, na sa mata rigar da Baji ta ɗinka, na haɗa takardun a cikin jaka. Na shiga ɗauko mayafi, na fito na tarar da shi tsaye a ƙofa. Ya bar motocin mutane ba wanki, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani irin na mutanen Gadarif. Ya ɗauki jakar takardun, ya kama hannun yarinyar, suka fita. Na leƙa ta ƙofar bene ina kallonsu, shi yana ɗan ɗingisa ƙafar da akwati ya danne, ita tana tsalle a gefensa tana yi masa surutu. Na koma ciki na zauna a kan buhun shinkafa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya dawo da rana tsaka.

Wajen ƙarfe goma ya dawo shi kaɗai. Ya tsaya a bakin kicin, ya yi gyaran murya. Na ɗauka Anwar yake nema, na tuna Anwar yana makaranta. Babu ɗan aike a gidan.

"Hauwa," ya ce.

Wata huɗu ban ji sunana a bakinsa ba. Na ajiye wuƙa.

"Sun karɓe ta. Ta zauna a layin gaba. Amma sun ce akwai takardar riga-kafi da babu a ciki, sai an kawo kafin ƙarshen sati, in ba haka ba za su dakatar da ita."

"To, a ina ake karɓowa?"

"Sun ce a asibiti."

"Wane asibitin?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi rufi, ya gyara rawani.

"Ban tambaya ba. Matar tana da mutane da yawa a gabanta, na ga bai dace in tsare ta ba."

Na dube shi, wannan bawan Allah da na bari gari da dangi na biyo, na rasa ko dariya zan yi ko ihu. Shi ma ya san abin da ke raina, don gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya miƙo mini jakar takardun da hannu biyu.

"Ki je ke," ya ce. "Amma don Allah, Hauwa, ki tsaya a kan malamar. Kada ki nemi gidan uwarta."

Na fizge jakar, na zura abaya a kan rigar girki, albasa tana warin hannuna. Ya riƙe mini ƙofa na fita.